Dawo da Doka: Nazari a kan Mazhabobi Biyu na Tsohuwar Ƙasar Sin

An saba gabatar da mazhabar Dawo da mazhabar Doka a matsayin kishiyoyi, wato ta farko tana son a bar al'amura su bi ɗabi'arsu, ta biyu kuwa ta dogara ga lada da horo. Wannan rabo yana da sauƙin koyarwa a aji, amma ya kasa bayyana abin da ya sa masanin tarihi Sima Ciyan ya haɗa tarihin Lawzi da na Han Fei a babi guda, har ya ce tushen ra'ayin Han Fei yana komawa ga koyarwar Lawzi. Haka kuma, sharhi mafi daɗewa da aka sani a kan littafin Lawzi yana cikin littafin Han Fei ne, wanda ya rasu a kurkukun Cin a shekarar 233 kafin Miladiyya.

Mahaɗarsu ita ce wuwei, wato sarki ya kame hannunsa. To amma manufar kamewar ta bambanta. A wurin Lawzi, sarki yana janye hannu domin talakawa su sarara, saboda a ganinsa yawan hane-hane shi ke tsiyata ƙasa. A wurin Han Fei kuwa, sarki yana yin shiru ne don kada fadawa su gane abin da yake so su yi masa daɗin baki. Ba ya motsi domin doka tana aiki a madadinsa. Irin wannan doka an riga an gan ta a Cin tun zamanin Shang Yang, wanda ya karkasa gidaje biyar-biyar da goma-goma, laifin ɗaya ya shafi sauran, ya kuma ɗora muƙami a kan bajintar yaƙi maimakon gado. Shi kansa an kashe shi a shekarar 338 kafin Miladiyya, da zarar ubangidansa ya ƙaura.

Akwai wata kusanta da masu sha'awar Dawo ba su cika ambata ba. Littafin Lawzi ma ba ya son talakawa su yi zurfin ilmi, yana ganin wayo ne ke wahalar da mulki. Gaskiya ne bai yi umarni da tilas ba, kuma wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Duk da haka, sa'ad da waziri Li Si, abokin karatun Han Fei, ya sa aka ƙone littattafai a shekarar 213 kafin Miladiyya, hujjarsa ita ce masu karatu suna amfani da labarin da wajen sukar mulkin yanzu.