Rufe Rajistar Mamata a Amurka: Nazari da Suka Bisa Ma'aunin Fiƙihu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Gabatarwa

A Amurka kowace jiha ce ke tsara dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa, sai dai akwai daftari abin koyi da jihohi ke kwaikwayo. Daftarin 1992 ya ba da shawarar a rufe bayanan haihuwa shekara 100, na mutuwa shekara 50, kafin a buɗe wa kowa. Gyaran da aka shirya a 2011 ya tsawaita wa'adin zuwa shekara 125 ga haihuwa, 75 ga mutuwa, kuma a 2018 hukumar lafiya ta birnin Niyok ta ɗauki waɗannan wa'adoji. A matakin tarayya, kundin mamata na hukumar fansho da tallafin jama'a, wanda ke buɗe tun 1980, an cire masa bayanai kimanin miliyan 4.2 a Nuwamban 2011. Sannan dokar kasafi ta 2013 ta hana samun bayanin mamaci har shekara uku, sai ga wanda aka tantance. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa dogon wa'adin ya cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a rarrabe: aukuwar mutuwa, da sababinta.

Hujjar masu rufewa

Adalci ne a fara da hujjarsu. Mazambata sun yi amfani da sunaye da lambobin mamata wajen karɓar rarar haraji da ƙarya. Haka kuma takardar shaidar mutuwa na ɗauke da abin da iyali ba za su so ya bazu ba, kamar kisan kai ko cutar da ake tsangwama. Shari'a ba ta raina wannan damuwa. Suratul Hujurat ta hana binciken asirin mutane, Sunna ta hana zagin matattu, kuma malamai sun ɗora wa mai wankan gawa suturta aibin da ya gani. Alfarmar mutum ba ta ƙarewa da fitar ransa.

Mutuwa al'amari ne na jama'a

Amma suturta aibi daban, ɓoye mutuwa daban. Manzon Allah (SAW) ya sanar da sahabbai rasuwar Najashi a ranar da ya rasu, ya yi masa salla. Abin da aka hana shi ne shela irin ta jahiliyya mai tattare da alfahari da kururuwa. Dalili kuwa a fili yake: da mutuwa ake rataya haƙƙoƙin wasu. Takaba ta wata huɗu da kwana goma tana farawa ne daga ranar rasuwa a wurin jumhurun malamai, ba daga ranar da labari ya iso ba. Ba a raba gado sai an biya bashi an zartar da wasiyya. Idan magada biyu suka mutu a nutsewa ko rushewar gini, ba a san wanda ya riga ba, to Malikiyya da Hanafiyya da Shafi'iyya ba sa gadar da ɗaya daga ɗaya. Ke nan har sa'ar mutuwa tana iya sauya rabo. Saboda girman wannan buƙata ne Malikiyya suka karɓi shaidar ji a kan mutuwa da nasaba, wato abin da ya yaɗu a bakin amintattu. Babin wanda ya ɓace, inda mace ke jiran shekara huɗu bayan kai ƙara bisa hukuncin Sayyidina Umar, ya isa nuna irin cutar da rashin tabbacin mutuwa ke haifarwa.

Za a ce ai dokokin sun bar ƙofa ga miji ko mata, da 'ya'ya, da iyaye, da wanda ya tabbatar da haƙƙinsa. Gaskiya ne, amma ƙofar ta yi ƙunci. Matar da aka ɗaura wa aure a masallaci ba tare da rajistar hukuma ba, da ɗan baffa wanda shi ne asaba, da mai bin bashi ba takarda, da magajin baƙon da ya rasu alhali danginsa na wata ƙasa, duk sai sun kawo hujja kafin a ba su takardar da ita ce mabuɗin neman haƙƙin nasu. An ce da su su kawo ruwa kafin a ba su guga.

Ranar mutuwa makamin tantance gaskiya ce

Malaman hadisi sun daɗe da gano cewa tarihin rasuwa yana tona asirin maƙaryaci, shi ya sa suka raya fannin wafayat, har Ibn Khallikan, wanda ya rasu a 681 bayan Hijira, ya gina shahararren littafinsa a kansa. Lokacin da aka fito da wata takarda a Bagadaza da da'awar Annabi (SAW) ya ɗauke wa mutanen Khaibar jiziya, Khaɗib al-Bagdadi ya ƙaryata ta domin cikin shaidunta akwai Sa'ad bin Mu'az, wanda ya rasu a shekara ta 5, Khaibar kuwa an ci ta a shekara ta 7. Darasin ya shafi zamaninmu: kundin mamata da aka taƙaita shi ne wanda bankuna da kamfanonin inshora ke dubawa don gane mai amfani da sunan matacce, masu binciken lafiya kuma su san makomar marasa lafiyar da suke bibiya. Taƙaitawar shekara uku ana iya kare ta da hujjar toshe kafar ɓarna, domin lokacin ne zambar haraji ta fi yiwuwa. Amma shekara 75 ta wuce gwargwadon lalura, alhali ƙa'ida ta ce lalura ana ƙaddara ta ne da gwargwadonta.

Kammalawa

Mafita ba sabuwa ba ce, tana nan cikin Amurka kanta. A jihar Fulorida duk baligi na iya samun takardar shaidar mutuwa wadda babu sababi a cikinta, ita kuwa mai ɗauke da sababi ana tsare ta ga makusanta da masu haƙƙi har shekara 50. A Ingila, inda rajista ta fara a 1837, fihirisan a buɗe suke ga kowa. Tsarin Fulorida shi ya fi kusa da ma'aunin fiƙihu: a bayyana suna da rana da wuri, domin haƙƙin rayayyu ne, a suturta sababi da lambobin sirri, domin alfarmar mamaci ce. Ya dace malamanmu su riƙe wannan rarrabewa tun yanzu da ƙasashenmu ke mayar da rajista cikin kwamfuta, kada a kwaso dogon wa'adin daga waje da sunan kare sirri, a tauye marayu da zawarawa. Allah ne Mafi sani.