Jinjina ga Masu Kiwon Injuna a Damagaram

A masana'antun ƙera motoci na zamani, mutum-mutumi ne ke yin walda da fenti, amma ranar da ɗaya ya cije, injiniyan gyara ake nema ido rufe. Wannan sana'a tana da 'ya'yanta a Damagaram, a matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wajen kilomita 50 arewa da Zinder.

Tun da aka buɗe ta a watan Nuwamba na 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a kullum daga ɗanyen man da bututu ke kawowa daga Agadem, su ne ke raya dare don kada wuta ta mutu.

Dubi ɗayansu da asuba, hular kwano a ka, ya tsaya gindin famfo ya kasa kunne. Ƙarar boris ta ɗan sauya, abin da ni da kai ba za mu taɓa ji ba. Ya auna zafi da girgiza, ya ɗura giris, ya rubuta ranar da za a sauya shi tun kafin ya ci amana. In hunturu ya kama, ƙura ta toshe matatun iska, sai ya zare su ɗaya bayan ɗaya.

Ɗan kabu-kabun da ya sha mai a Birni ko Zango bai san sunansa ba. Rigakafi ya fi magani, in ji Bahaushe, kuma ku ne kuka riƙe shi sana'a. Sannunku da aiki, Allah ya tsare hannuwanku.