Wa Ya Ɗaura? Sharhi A Kan Labarin Masoyan Timiya

Ranar Asabar ɗin da aka karanta labarin nan a zaman ƙungiyarmu, ƙarƙashin itatuwan bayan fakilte, ina cikin waɗanda suka yi tafi. Na faɗi haka tun farko don kada ɗan'uwanmu na sashen Ingilishi, wanda ya rubuta shi, ya ce da gaba na zo. Sai da na koma ɗakina a Lamorde, na sake karanta shi ni kaɗai a takardar fotokopi, sannan wata jimla guda ta tsaya mini a maƙogwaro. A kan wannan jimlar nake son mu yi magana.

Ga wanda fitowar da ta wuce ba ta kai hannunsa ba, ga labarin a taƙaice. Saurayi da budurwa ne, duka ɗalibai a nan Jami'ar Abdu Mumuni. Marubucin bai raɗa musu suna ba, "ni" da "ita" kawai. Iyayenta sun ƙi shi don ba shi da abin yi, sun kuma ba da ita ga wani ɗan kasuwa. Sai su biyun suka shirya gudu. Wata biyar suna tara kuɗin bursu. A hutun Disamba suka ƙetare gadar Kennedy da asuba, suka shiga kar ɗin Agadas, suka wuce cikin duwatsun Abzin har Timiya. A can, bakin ruwan da ke zubowa daga dutsi, babu kowa sai su, saurayin ya ce: "muka ɗaura wa kanmu aure, dutsi ne shaidarmu." Rana ta faɗi, labari ya ƙare.

Bari in fara da abin yabo, don akwai shi. Shafuka ukun da ke maganar shirin tafiya sun fi komai kyau a cikin duk abin da ƙungiyarmu ta buga bana. Jerin kayan da suka rubuta a bayan takardar darasi, bargo biyu, tocila, kilishi, dabino, maganin ciwon kai, ya sa na ji tsoronsu a jikina. Yadda suke ƙirga kuɗi, jika goma nan, jika biyar can, su cire na mota, su ga saura bai kai ba, su sake ƙirgawa, duk ɗalibin da ya taɓa jiran bursu ya san wannan lissafin. Sannan ga daren ƙarshe, inda yarinyar ta wanke wa mahaifiyarta tufafi kaf ta shanya, ba tare da an sa ta ba, ba ta kuma ce komai ba. Wallahi nan na yi ƙwalla. Wanda ya rubuta wannan ya san mutane.

To amma mu koma ga jimlar. "Muka ɗaura wa kanmu aure." Na buga wa innata waya a Tawa na karanta mata, ban gaya mata daga ina na samo ba. Ta yi shiru, sannan ta ce: "Suka ɗaura wa kansu mi? Kaya?" Ba ta san nahawu ba, amma kunnenta ya kama abin da ake koya mana a aji. Mutum yana ɗaura zane, yana ɗaura niyya, yana ɗaura wa jakinsa kaya. Aure kuwa, a bakin Bahaushe, "an ɗaura" ake cewa. Wannan "an" ɗin wakilin suna ne da ba ya nuna mutum guda, yana nuna jama'a. Ango da amarya ba su ne aikau a jimlar ba, su ake yi wa aikin: an ɗaura musu. Ku bi sauran kalmomin ɗaya bayan ɗaya ku gani. An nema masa, an ba shi, an karɓa masa, an sa rana, an sa ta a lalle, an kai ta. Uba ya aurar da ƴarsa. Ranar ɗaurin auren ma, amarya tana cikin gida, wani lokacin ango yana can gefe da abokansa, waliyyi da wakili ne ke magana, jama'a su shaida, a yi fatiha, a raba goro da dabino. Tun daga farko har ƙarshe, aikatau ɗin aure yana neman mutum na uku.

Haka kuma kalmar gudu. Muna da gudun aure, wato yarinya ta tsere don ba ta son wanda aka ba ta. Muna da yaji, matar aure ta koma gidansu da fushi. Duka biyun fita ce daga aure. In kuwa namiji da mace suka ɓace tare, cewa ake "ya gudu da ita", ko "ya sace ta". Ku dubi ginin jimlar: daidai yake da "ya gudu da kuɗin adashi". Ita ta zama kaya. Ko da ita ta kawo shawarar, ko da ita ta biya kuɗin mota, harshen gari ba zai ba ta matsayin aikau ba, amma zai ba ta kaso mafi girma na abin kunyar. Marubucinmu ya so ya ba ta ƴanci, sai dai bai tambayi kansa da wace jimla unguwarsu za ta ba da labarinta ba washegari.

Na san daga inda hoton ya fito. Duk mun taɓa ganin irinsa a waya: Bature da Baturiya a kan tsauni a Amurka ko Suwizalan, farar riga tana kaɗawa, babu kowa sai mai ɗaukar hoto. A can abin ya zama sana'a, ana zaɓen dutsi da lokacin fitowar rana kamar yadda muke zaɓen anko. Amma waɗannan ba iyaye suke gudu ba, kuɗin biki da hayaniya suke gudu, kuma takardar hukuma ce ke tabbatar da aurensu, su dawo gida a yi musu barka. Ɗan'uwanmu ya ɗauko hoton, ya liƙa shi a kan matsalar da ba tasa ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mace ba ta ɗaura wa kanta aure. Sai da waliyyi, da shaidu biyu, da sadaki, da siga. Dutsi ba ya cikin waɗanda ake karɓar shaidarsu. Kuma fiƙihun nan bai bar yarinya ba ƙofa ba: in waliyyi ya hana ta miji nagari ba da hujja ba, ana iya kai magana gaban alƙali. Labarin bai ko leƙa wannan ƙofar ba, alhali a nan rigimar gaske take.

Yanzu dutsin kansa. Kakata ta wajen uwa Ba'agadasa ce, kuma sau ɗaya na taɓa zuwa Timiya, ina ƴar shekara goma sha uku, bikin wata ƴar'uwarmu. Don haka ban iya karanta shafin ƙarshe ba sai da na yi dariya. Daga Yamai zuwa Agadas kusan kilomita 950 ne, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Tawa, Abalak. A labarin layi ɗaya ne. Babu shingen jandarma, babu mai cewa a fito da katin ɗan ƙasa, babu tsohuwar da ke kujerar kusa ta dubi yarinya ta ce "ƴata, wanga mijinki na?" Daga Agadas zuwa Timiya sama da kilomita 200 ne, hanyar duwatsu da yashin ƙorama, sai kat-kat ko babbar mota, kuma ba a rasa wanda ya san wanda ka sani a cikinta. Sun kwana a fili cikin watan Disamba, ita da ƴar riga mara nauyi, alhali sanyin Abzin a lokacin yana sa haƙora kaɗawa. Ruwan dutsin yana ruri a labarin kamar Agusta, alhali da damina ne yake da ƙarfi. Da yamma guda kuma sun "hau Bagazam" sun sauko. Bagazam wani tsauni ne dabam, kudu da Timiya, kuma a kansa ne ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, Idukal-n-Tages, mita 2,022. Mutanen da ke zaune a kansa sun daɗe suna hawa da sauka da ƙafa da jakuna, ba yawon la'asar ba ne.

Waɗannan kurakurai ne da taswira za ta gyara. Wanda ya fi damuna shi ne babu mutum ko ɗaya a Timiyar labarin. Timiya gari ne na Kel Ewe, masu lambunan lemu da rumman da inabi da dabino, waɗanda kakanninsu da iyayensu ke jan ayarin gishiri zuwa Bilma da Fashi, su gangara kudu har Damagaram da Kano, shi ya sa da yawansu ke jin Hausa ban da Tamajak ɗinsu. Yanki ne da ya ga tawaye sau biyu, na shekarun 1990 wanda yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta rufe, da na 2007 zuwa 2009 wanda ya fara da harin Iferwan, ya kori baƙi masu yawon buɗe ido, ya bar jagorori da maƙera ba ciniki. A irin wannan wuri baƙo ba ya shiga a ɓoye. Kafin ya sauke jaka an san da shi, an kawo shayi, an tambaye shi ɗan wa ne. Kuma su ma suna da nasu tsarin: a Tamajak kalmar ehan tana nufin tanti, tana kuma nufin aure, tantin kuwa na mace ne, danginta ke haɗa mata. Yarinyar da ta iso ba uwa ba gwaggo, wa zai kafa mata nata? Marubucin ya share mutanen nan duka don ya sami fili mai kyau. Irin kallon da muke ƙorafin baƙi suna yi wa arewacin ƙasarmu ke nan, sai ga shi ya fito daga alƙalamin ɗan Yamai.

Wani zai ce mini, ai labari ne, ba darasin fiƙihu ko na taswira ba, kuma marubuci yana da damar lanƙwasa harshe. Na yarda. Na kuma yarda cewa abin da ya sa shi rubutun gaskiya ne. A ƙasar da kusan uku cikin huɗu na ƴan mata ake aurar da su kafin su cika shekara 18, ba ni ce zan ce mafarkin gudu wauta ne ba. Ina da ƙawayen da suka bar lakkwal saboda "an ba da su". Amma in za ka lanƙwasa harshe, ka nuna mana ka san inda yake ƙara. Da wani a cikin labarin ya ji jimlar nan ya ce "kun ɗaura wa kanku mi?", da ta zama ƙarfi maimakon kuskure. Littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, wanda ya fito a Kano a 1991, ya ratsa zukatan masu karatu ne don masoyansa sun yi karo da iyaye da kuɗi a cikin gari, gaban kowa. Ko Woɗaɓe, da ake yawan kawo misalinsu, suna da aure iri biyu, kooɓgal da iyaye ke shiryawa da teegal wanda mace ke bin wanda take so, amma shi ma teegal ɗin sai dangin namiji sun karɓe ta an yanka dabba. Ko gudun ma, wajen wasu mutane ake yin sa.

Abin da ya sa ban bar maganar ta wuce ba shi ne, bayan zaman nan na ji ƴan mata biyu ƴan shekarar farko suna tambayar nawa ne kuɗin kar zuwa Agadas. Da wasa suke, na sani. Amma takardunmu suna yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma labarin ya tsaya daidai inda kuɗin zai fara fita daga aljihun yarinya ita kaɗai. Shi in ya dawo, za a ce ƙuruciya ce. Ita fa? Ɗan da za ta haifa, da wane suna gari zai kira shi? Mahaifiyar nan da aka bar wa wanki a igiya, wa ya je ya dube ta?

Don haka, malam, ga roƙona. Kada ka taɓa shafuka ukun farko. Ka yaga na ƙarshe, ka fara daga inda mota ta tsaya a Timiya. Ka ba yarinyar suna, ka ba ta uba da kawu. Ka sa wani dattijo mai lambu ya sauke su, matarsa ta ja ta ɗaki, shi kuma ya zuba shayi na farko ya dubi saurayin ya ce: "To, wa ya ba ka ita?" Ka bar su su nemi amsa, ko ta kai su gaban limamin garin, ko ta sa a buga waya Yamai, ko ta maido su gida. Ni ban san yadda zai ƙare ba, kuma shi ya sa nake son in karanta. In ka kawo shi zaman Asabar mai zuwa, kuɗin fotokopin a kaina.