Rabin digiri da jairo ba zai gyara ba

A da, mai son ƙaramin jirgin sama na rimot sai ya shafe makonni yana yankan katakon balsa yana mannawa kafin ya ga jirginsa a sama. Yau kwali ake buɗewa, a ɗaura fukafukai, a sa batir, a nufi fili. Wannan sauƙi alheri ne, ya jawo mutane da dama cikin harkar. Amma ya tafi da wata ɗabi'a da bai kamata ta ɓace ba, wato auna kusurwar da fiffike da jela suke zaune a jikin jirgi kafin tashin farko.

Abin ƙanƙane ne a ido. Fiffiken da faɗinsa ya kai santimita 30, idan aka ɗaga bakinsa na gaba da milimita 5 kacal, an sauya zamansa da kusan digiri ɗaya. Masu gasar F3A, ta jiragen da ke zana siffofi a sama ƙarƙashin hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, galibi suna sa jela a sifili, fiffike kuma a wajen rabin digiri, su karkata injin kaɗan zuwa dama da ƙasa. Kuskuren kaurin ashana ya isa ya ɓata musu lissafi.

Me ya sa aka daina awo? Jairo ne ya shigo. Na'urorin jairo irin AS3X da SAFE na kamfanin Horizon Hobby na Amurka suna gyara tangaɗin jirgi cikin ƙiftawar ido, kuma sun ceci jiragen 'yan koyo masu yawa daga faɗuwa. Mai wannan rubutu ba ya ƙyamar su ko kaɗan. Damuwarsa ita ce jairo ɓoye ciwo yake yi, ciwon na nan. Jirgin da kusurwar fiffikensa ta fi ta jela fiye da kima zai riƙa ɗaga hanci duk lokacin da aka ƙara wuta, ya sunkuya in an rage, matuƙin ya wuni yana taɓa maɓallan daidaitawa a rimot. Idan kuwa fiffiken hagu da na dama ne suka saɓa, jirgin zai riƙa fita daga layi yana murɗawa a tsakiyar zagaye, kuma a lokacin sauka, da gudu ya ragu, ɓangare ɗaya kan riga ɗaya sakin iska. A nan ake asarar jirgi.

Awon kuwa ba wuya. A kafa jirgin a kan tebur, a tokare shi har jela ta nuna sifili, sannan a auna kowane fiffike a gindi da kuma ƙarshe, wuri ɗaya a hagu da dama. Tsohon ma'aunin kamfanin Robart mai allura, wanda ke kama bakin fiffike gaba da baya, har yanzu yana aiki, akwai kuma na dijital masu araha. Wayar hannu ma takan yi, sai dai da tarko: a fiffike mai shafaffen ciki irin na Clark Y, ɗora waya a ƙasansa yana ba da lambar da ta kauce wa ta gaskiya da kimanin digiri 2, domin layin da ake nufi shi ne wanda ya ratsa daga bakin gaba zuwa na baya.

Gyaran sau da yawa ɗan siririn falle ne na katako ko kwali da ake cusawa ƙarƙashin bakin fiffike.

Duk wanda ya sayi sabon jirgi, komai sunan kamfanin da ke jikin kwalin, ya ba shi minti ashirin a kan tebur, ya rubuta lambobin a takarda, ya kuma sake aunawa bayan kowace muguwar sauka.