Nazari a kan Haɗa Amfili Mai Bawul da Babban Amfili a Gure

Tun daga shekarar 1904, lokacin da John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro bawul a Ingila, da kuma 1906 da Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa waya ta uku har ya zama mai iya ƙarfafa sauti, kusan duk muryar da ta ratsa sararin samaniya ta sauka a kunnen mai saurare ta cikin wannan ƙwan gilashi take bi, har da muryar Sashen Hausa na BBC da aka buɗe a 1957, da ta Rediyon Nijar da ta biyo baya a 1958. Da taransisto ya bayyana a 1947, ya yaɗu sannu a hankali saboda araha da ƙarancin cin wuta, sai bawul ya ja da baya. Amma ma'abota jin sauti ba su sallame shi ba, domin suna ganin muryar mai tilawa ko amon gurmi ya fi fita da taushi ta cikinsa. Daga nan aka sami al'adar raba aiki gida biyu: ƙaramin amfili mai bawul ya karɓi sauti ya gyara shi, babban amfili mai taransisto kuwa ya ba shi ƙarfin motsa lasifika.

Wanda ke zaune a Gure, cikin ƙasar Muniyo, kimanin kilomita 170 gabas da Damagaram, yana iya samun irin wannan kaya ko dai cikin gwanjon Turai, ko kuwa cikin ƙananan akwatunan Sin masu bawul 6J1, kuma galibi zai haɗa su ne da babban amfilin da yake da shi tun da can, ba tare da wani ya tabbatar masa sun dace da juna ba. A nan ne matsalar take.

Asalinta kuwa shi ne, bawul irin ECC83, wanda Amurkawa ke kira 12AX7, galibi ana ɗora masa wuta mai ƙarfin bolt 200 zuwa 300, kuma babu abin da ya tsaya tsakanin wannan wuta da babban amfili face kondansa guda, wanda ke barin sauti ya wuce, ya tare tsayayyar wuta. Idan an kunna na'urar, zaren da ke cikin gilashin yakan ɗauki wajen daƙiƙa 20 ko 30 kafin ya yi ja kamar garwashi ya daidaita, kuma a cikin wannan ɗan lokaci wutar tana hawa tana sauka, kondansan yana miƙa kowane motsi gaba. Babban amfili ba ya bambance wannan da kiɗa. Ninka shi zai yi, ya tura wa lasifika. Wanda ya taɓa gani ya san yadda takardar lasifikar ke bulluƙowa waje da ƙara guda mai nauyi, daga baya kuma, in abin ya yi muni, a ji ƙaurin waya, a danna takardar da yatsa a ji tana gurza daga ciki. Saboda haka masana suka wajabta tartibi: a fara kunna ƙaramin, a saurara kamar minti guda, sa'an nan a kunna babban, wajen kashewa kuma a fara da babban.

To, amma wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan zaton cewa hannun mai gida kaɗai ke kunnawa da kashewa, alhali a ƙasashenmu wuta takan ɗauke ba sallama ta komo ba sallama, balle tun bayan da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agusta na 2023, mutane da yawa suka koma ga janareto da farantan hasken rana. Idan wuta ta komo, na'urorin biyu tare suke farkawa, tartibin ya rushe ke nan ko da mai gida ya fi kowa kiyayewa. A ra'ayina, abin da littattafan Turai suka ɗauka mustahabbi ne, wato rile mai jinkirta fitar sauti har bawul ya natsu, a Gure farilla ne. Kuma aiki ne da mai gyaran rediyo ƙwararre zai iya ƙarawa da kuɗi kaɗan. Wanda bai samu ba, to ya lazimci kashe babban amfili da zarar wuta ta ɗauke, kafin ma ya nemi tocila.

Bayan tartibin kunnawa akwai sharaɗi na biyu, wanda saɓa masa ba ya ƙona kome, sai dai yana rage daɗi. Ana son turjiyar mashigar babban amfili ta ninka ta mafitar ƙaramin aƙalla sau 10. Da yawa daga masu taransisto mashigarsu om 47,000 ce, wasu kuwa 10,000 kacal, kuma idan kondansa mai mikrofarad 0.47 ya haɗu da om 10,000, sautin ƙasa zai fara zubewa daga wajen kaɗawa 34 a daƙiƙa, alhali da om 100,000 ne da sai ƙasa da 4, inda kunne ba ya kaiwa. Mai saye yakan zargi lasifikarsa da rashin nauyin murya, laifin kuwa na haɗin ne. Haka nan yawancin manyan amfili bolt 1 ko 2 ya ishe su su kai iyakar ƙarfinsu, ƙaramin mai bawul kuwa yana iya fitar da ninkin haka sau da yawa, don haka a fara da maɓallin ƙara yana ƙasa ƙwarai.

Idan babban ma mai bawul ne, haramun ne a kunna shi babu lasifika a jone, domin taransifomar mafitarsa na iya ƙonewa, kuma samun madadinta a nan wuya gare shi. Kayan Amurka na bolt 120 ba a sa su kai tsaye a wutarmu ta 220. Zafin bazara, wanda ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke shiga kowace kafa, suna gajarta ran kondansa, wanda kuma ya tsufa yakan fara yoyon tsayayyar wuta a ɓoye. Saboda haka ya kamata duk tsohuwar na'ura a kai ta a auna mafitarta da mita kafin a haɗa ta da kome. Mai gida kada ya buɗe murfin da kansa ko da ya zare waya daga bango, gama manyan kondansan ciki suna riƙe da wutar da za ta iya kisa bayan an kashe na'urar da daɗewa.