Jifan Birgi: Kwana Uku a Tungar Masunta

Sunan unguwarmu Ƙofar Ruwa, amma wanda ya zo neman ruwa a nan da ƙishirwarsa zai koma. Abin da ke akwai ƙarfe ne: rodi, kwanon rufi, ƙusa, tsofaffin injina da kayan mota da aka farke aka zube. Mu da muka tashi tsakanin ƙarar guduma da tartsatsin masu walda, ruwan da muka sani bai wuce na kududdufi da na 'yan garuwa ba. Kifi kuwa a cikin miya muke gamuwa da shi. Teku tana can Legas, tafiyar wajen kilomita 1,000, sai dai mu gan ta a talabijin.

A cikin wannan kasuwar ta ƙarfe na fara sanin cewa su, wato kamun kifi, ilimi ne. Wani dattijo ne yakan zo rumfar yayana sau biyu ko uku a shekara. Sayayyarsa ba ta canzawa: dalma, ƙananan ƙusoshi, kwalta, ragar waya, wani lokaci da tsohon durom. Ran nan na ga ya ɗauki guntun dalma ya jinjina a tafin hannu, ya ajiye, ya ɗauki wani, kamar mai zaɓen goro. Na ce, "Baba, ai duk dalma ce." Ya dube ni ya yi murmushi, ya ce da harshensa na mutanen Kabi, "Ɗan birni, in ta yi nauyi ta karya mini kafaɗa, in ta yi sakayau kifi ya fice kafin birgi ya sauka. Wace kaka so in ɗauka?"

Basarke ne, wato daga Sarkawa, mutanen da su ya zame musu gado a bakin kogin Kwara da gulbin Kabi. Asalinsu yana komawa ga Sorko na ƙasar Songhai, amma sun daɗe da zama Hausawa. Ba su da gona sai ruwa, don haka duk inda ruwa ya taru za ka same su: Yawuri, tafkin Kainji da aka tare a 1968, Lakwaja, har Baga a bakin tafkin Chadi kafin rikicin Boko Haram ya tarwatsa masuntan can. Da gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a kan kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, sai ga wani makeken ruwa mai faɗin murabba'in kilomita 178 ya bayyana a ƙasar da ba ta saba da irinsa ba. An yi shi ne don noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, amma masunta suka ji labari suka naɗo komarsu suka taho. Mahaifin Baba yana cikinsu.

Sai da na shekara biyu ina cewa zan bi shi Tiga kafin na cika alkawari. A bazara muka tafi, lokacin da Kano take kamar tanda. Muka bi hanyar Zariya, muka wuce Kura da gonakinta na shinkafa, muka karkata, daga ƙarshe muka hau babur har bakin ruwa. Tafiyar ba ta wuce kilomita 70 da 'yan kai ba, amma sai na ji kamar na bar ƙasar.

Tunga ake kiran zangon masunta. Bukkoki ne na zana da leda, da murhun banda, da turakun shanya raga, da wani fili da aka kewaye da duwatsu don salla. Ba a gina ta don ta daɗe, saboda ruwa ne yake faɗin inda za a zauna: in ya ja baya a bi shi, in ya cika da damina a kwashe a hau tudu. Na ga a fim Turawa sukan ɗauki tanti da ƙugiya su tafi bakin teku su kwana, wai hutu suke yi. Da na ba Baba wannan labari, dariya ya yi har da riƙe ciki, ya ce to su zo ya ba su hutun shekara arba'in.

Kafin assalatu aka tashe ni. Muka yi salla, muka tura kwalekwale. Na katako ne, an toshe tsagoginsa da tsumma da kwalta irin wadda yake saye a wurinmu, kuma duk da haka yana tsatsafo, shi ya sa aka miƙa mini gwangwani aka ce aikina kwalfe ruwa. Jikan Baba, yaro ɗan shekara goma sha biyar, ya zauna a baya da filafili. Baba ya tsaya a goshin jirgi, a kan wani ɗan katako da bai fi faɗin faranti ba. Ni da nake zaune ma cikina yana juyawa. Shi kuwa yatsun ƙafarsa sun kama katakon, gwiwoyinsa a ɗan sassauce, jirgi yana rawa yana bin rawar.

Birgi raga ce mai siffar da'ira. A tsakiyarta akwai doguwar igiya wadda ake ɗaurewa a wuyan hannu. Bakinta kuwa, kewaye gaba ɗaya, an jera masa dalma, an kuma naɗe leɓen zuwa ciki an ɗaure shi wuri-wuri, ya zama aljihu. Shi ke nan kayan aikin. Sauran duk a jikin mutum yake.

Na zuba ido in ga yadda yake shirya shi. Ya naɗe igiyar a hannun hagu zobe-zobe. Ya ɗaga ragar ya girgiza don dalmar ta sauka a jere, ba wadda ta hau wata. Ya kama ta a tsaka, ya ɗebi wani sashe ya rataya a gwiwar hannu, ya tattaro wani da yatsun dama, ƙulli bayan ƙulli, kamar mace tana tsefe kitso. Sai ya tsaya cik. Ba ya magana, yaron ma ba ya magana. Ya ɗan karkata haɓa zuwa hagu, yaron ya nutsa filafili a hankali ba tare da ya fasa ruwa ba, jirgi ya juya. Sannan Baba ya murɗa ƙugu baya, ya dawo gaba da ƙarfi, ya saki.

Wallahi ban taɓa ganin abu mai kyau haka ya fito daga hannun tsoho ba. Ragar ta buɗe a sama kamar faifai, zagaye cif, ta ɗan tsaya a iska, sannan bakinta duka ya taɓa ruwa a lokaci guda, ji kake shaa. Ba fantsama, ba ƙara. A nan sirrin yake: juyin da ƙugu ya ba ta ne yake jan dalmar waje ta ko'ina, hannu saki kawai yake yi, kuma dole sassan uku su bar jiki bi da bi, kowanne a kan lokacinsa. In ɗaya ya makara da ƙiftawar ido, sai ta faɗi a dunƙule ko ta fito kamar jinjirin wata, kifi ya watse, kuma wurin ya ɓaci sai an jima.

Bayan jifa sai jira. Ya bar dalma ta kai ƙasa, yana jin saukarta ta igiyar da ke hannunsa. Sai ya fara ja, sannu-sannu, don dalmar ta rarrafo a ƙasa tana haɗuwa har bakin ya rufe. Kifin da ya nemi ficewa ta ƙasa sai ya faɗa aljihu. Na ce masa me ya sa ba zai fizgo ba kafin su gudu. Ya ce, "Ruwa ba a yi mishi gaugawa." Tun ragar ba ta fito ba ya ce karfasa ce, ba ta kai goma ba, da tarwaɗa guda. Da ya zube ta a cikin jirgi, karfasa takwas, tarwaɗa ɗaya. Ya ce kowane kifi da irin bugunsa: tarwaɗa tana murɗawa tana ja ƙasa, karfasa kuwa karkarwa take yi kamar mai jin sanyi.

Da rana ta ɗaga sai na matsa a ba ni in gwada. A tudu aka kai ni, don Baba ya ce ba zai yi asarar jirgi da baƙo a rana ɗaya ba. Nauyin ragar jiƙaƙƙiya ya fara ba ni mamaki. Na murɗa, na saki, dalma ta zagayo ta doke ni a ƙeya, sauran ta naɗe mini ƙafa, na zauna daɓas a cikin taɓo. Yaran tunga suka yi ta dariya har da masu birgima. Yaron nan ɗan shekara goma sha biyar ya karɓa, ya warware ta cikin ladabi, ya ce, "Kawu, da hannu kake jifa, shi ya sa." Ya jefa sau ɗaya ta buɗe kamar ta kakansa. Tun yana shekara bakwai yake yi da 'yar ƙaramar raga a bakin gaɓa.

Sai dai jifan, duk da kyansa, shi ne rabin da ido yake gani. Rabin da ya fi wuya shi ne sanin inda za a jefa. Ni ruwan duk ɗaya nake ganinsa, shimfiɗe kamar kwanon rufi. Baba kuwa yana nuna mini: ga 'yan kumfa suna tasowa a jere, tarwaɗa ce take tonon taɓo; ga wani zobe da ya buɗe ya ɓace, ita ce ta leƙo ta shaƙi iska, don tana iya numfashi a waje; ga inda ruwa ya ɗan yi duhu, ƙananan kawara ne suka taru. A wurin da ba zurfi ya nuna mini ramuka kamar akushi a cikin yashi, ya ce gidajen karfasa ne na ƙwai, muka wuce bai jefa ba. Yana lura da inda zalɓe ya tsaya, da inda iska ta kwana tana kaɗawa, don can take tara abincin kifi. Kuma yana riƙe da taswirar ƙasan tafkin a ka: inda tsohon kwarin kogi ya bi, inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye suke. Birgi in ya sarƙe a kututture, sai mutum ya nutsa ya kwance shi da hannu a cikin duhu, ko ya yi asarar aikin makonni na saƙa. A nan ne karin maganar nan ta iya ruwa fidda kai take komawa zahiri.

Sauran kayan su ba zan daɗe a kansu ba. Akwai kalli, ragar da ake shimfiɗawa da yamma a duba da asuba, wadda ake sa wa guntayen tsofaffin silifa a sama don ta yi iyo. Akwai mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. Akwai gura, tarkon da ake zuba wa dusa. Akwai homa da gora, waɗanda duniya ta sani saboda bikin Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. A Matan Fada, inda ake bikin, akan fito da giwan ruwa mai nauyin fiye da kilo 70, 'yan jarida su yi ta ɗaukar hoto. Ban raina wannan ba, amma a ganina gwanintar da ake yi kullum da asuba, ba kalangu ba kyautar mota, ta fi ta rana ɗaya.

Da hantsi aikin ya koma hannun mata da 'yan mata. A zafin bazara kifi ba ya yini, don haka wanda 'yan sari ba su kwasa ba sai banda. A nan na ga inda durom da ragar wayarmu ta Ƙofar Ruwa suke ƙarewa. Ana fasa cikin kifi a wanke, a lanƙwasa tarwaɗa a haɗa kai da wutsiya, a jera a kan waya, a hura wuta a ƙasa. Ba harshen wuta ake so ba, zafi da hayaƙi ake so, ana juyawa ana sake juyawa har ya bushe ya yi ja. In wuta ta yi yawa ya ƙone a waje ciki ɗanye, in ta yi kaɗan tsutsa ta riga ka kasuwa.

Daren ƙarshe, muna zaune sauro yana cin rabonsa, Baba ya ɗauko wata raga ya zura yatsu a idonta. Da yatsa suke auna ido: mai yatsa biyu, mai uku, mai huɗu. Ya ce shi ba ya jefa ƙasa da mai uku, don ɗan kifi ya samu ya fice ya girma. Abin da yake ci masa rai shi ne masu jan ruwa da gidan sauro, irin wanda ake rabawa don zazzaɓin cizon sauro, suna kwashe har ƙwai, da masu zuba guba irin Gamalin su tsince abin da ya taso. A da Sarkin Ruwa yakan hana, a kuma ji. Wannan, in ka tambaye ni, ba su ba ne, fashi ne, kuma mu masu saye a birni muna da hannu, tunda muna ganin kifi kamar ɗan yatsa a faranti mu saya ba tambaya.

Haka kuma bai yarda a cika masa jirgi ba. Da wasu 'yan kasuwa suka nemi ya tsallakar da su da buhunansu, ya dubi bakin jirgin ya ce sawu biyu za a yi ko a fasa. Duk wanda ya tuna hatsarin Bagwai na watan Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife a madatsar Watari da ɗaliban Islamiyya, ya san dalilinsa.

Na dawo gida da ƙullin bandar tarwaɗa da ƙulu a ƙeya. Mai karatu, in hanya ta kai ka Tiga, ko Challawa, ko gadar Wudil, daure ka isa bakin ruwa kafin fitowar rana. Nemi jirgi mai mutum biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a zaune, ka yi shiru, ka dubi ragar tun tana sama. In ta buɗe zagaye cif, kifin wannan mutumin za ka saya, kuma kada ka matsa masa a ciniki.