Koya wa Ɗaliban Jinya Gane Sankarar da Ba Ta da Ƙullutu

Kusan kowace ɗalibar jinya da hadda ɗaya take shiga aji: sankarar mama ƙullutu ce, a laluba a ji shi. Haka ne a mafi yawan lokuta. Amma gwanar malama ita ce wadda za ta sa ɗalibanta su tsorata da nonon da aka laluba ba a ji komai ba.

Akwai sankarar mama mai kumburi. Ba ta da yawa, a Amurka ba ta wuce kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na masu sankarar mama ba, sai dai gudu gare ta. Ƙwayoyinta kan toshe ƙananan hanyoyin ruwan jiki da ke cikin fata, sai nono ɗaya ya kumbura, ya yi nauyi da zafi, fatar ta yi kauri da ramuka kamar ɓawon lemo, duk cikin makonni ko 'yan watanni. Littattafan Turai suna cewa wurin zai yi ja. To ina ja a fatar Bahaushiya? Nan gwanar malama take burge ni. Takan sa ɗalibai su kwatanta nonon dama da na hagu a wuri mai haske, su nemi inda ya fi duhu ko sheƙi, su ji ɗuminsa da bayan hannu, sannan su taɓa hammata ko akwai kaluluwa.

Sai tambayar da take nanata musu su riƙa yi wa mara lafiya: "Baiwar Allah, tun yaushe?" Domin wannan cuta ta yi kama da ciwon nonon mai shayarwa ƙwarai, kuma mai jego ma tana iya kamuwa. Ƙa'idar malamar a bayyane take: in an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, mako guda zuwa kwana 10 babu sauƙi, kada a sake rubuta wani. A tura matar a ɗauki hoto, a ɗebi ɗan nama a gwada.

Haka take bi da cutar da likitan Ingila James Paget ya bayyana a 1874, wadda ke fitowa a kan nono ɗaya kamar ƙuraje masu ƙaiƙayi da ɓarewa, mata su yi ta shafa mai wata da watanni.

Abin da ya fi wuyar koyarwa shi ne lafazi. Mace mai kunya ba za ta buɗe ƙirjinta ga wadda ta daka mata tsawa ba, don haka ake koya wa ɗalibai jan labule da neman izini kafin taɓawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a kammala gano cutar cikin kwana 60 daga zuwan mace asibiti. A ƙauyukanmu nas ce mutum na farko da za ta gani. Makarantun jinya, ku ba wannan darasi lokacinsa, ku nemo hotunan fata irin tamu.